HUNTURUN DA KE CIKIN JIRGIN SAMA

Ran 1 ga watan Nuwamba 1925 jiragen sama uku na mayaƙan Ingila suka sauka a Kano, sun taso daga ƙasar Masar, su ne kuwa na farko da suka taɓa sauka a Nijeriya. A wancan zamani wanda ya yi niyyar Makka sai ya sallami iyali, ya nemi gafarar dangi, ya bi ta Barno da Wadai da Darfur har ya isa Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta watanni, ga wani ma ta shekaru, gama yana tafe yana tsayawa noma ko ƙwadago don ya sami guzuri. Yau kuwa mutum ya kan yi sallar Asuba a Kano, ya yi ta La'asar a Jidda, domin idan hanya a miƙe ta ke, awa huɗu zuwa biyar sun isa jirgi ya ci wannan nisa na wajen mil 2,100.

Wannan ni'ima ce, ba mu da bakin gode mata. Amma akwai abu guda da matafiyin da ya fi na yanzu. Shi ya san abokan gabansa, watau rana da ƙura da ƙishirwa, ya kuwa yi musu shiri da rawani da salka da ɗan tandun mai. Na yanzu ya kan shiga jirgi ya tarar da kujera mai taushi da sanyi mai daɗi, sai ya saki jiki, bai san ya shiga wurin da iskarsa ta kai ta tsakiyar hunturu bushewa ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi magana a kan kula da fatar jiki cikin tafiyar jirgin sama. Mun san wani zai karanta ya yi murmushi, ya ce jarida ta rasa abin faɗi ta koma zancen shafe-shafe. To, ya ba mu aron kunnensa tukuna, sa'an nan ya yanke hukunci.

ABIN DA YA BUSAR DA ISKAR JIRGI

Manyan jiragen fasinja su kan yi tafiya a tsakanin ƙafa 30,000 da 40,000 bisa doron ƙasa. A can sama sanyi ya kan kai digiri 50 ƙasa da sifiri, har ya wuce. Duk malamin da ya koyar da labarin ƙasa ya san iska mai tsananin sanyi ba ta iya riƙe laima, saboda haka iskar can kusan babu ɗigon danshi cikinta. Ita ce kuwa injunan mafi yawan jirage ke zuƙowa, su matse ta, a daidaita zafinta, a turo wa fasinja su shaƙa. An ɗumama ta, amma ba a ƙara mata ruwa ba. Laimar da ke cikin ɗakin zama mai daɗi ta kan kai kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Ta cikin jirgi, in ya daɗe a sama, ta kan sauka zuwa tsakanin kashi 10 da 20. Wannan kuwa shi ne irin lissafin da a ke samu a Kano da Katsina da Sakkwato da rana tsaka cikin watan Janairu, sa'ad da hazo ya rufe gari, leɓɓa suka tsage, littattafan ofis suka nannaɗe don bushewa.

Ɗan danshin da ya rage cikin jirgin ma, mafi yawansa daga numfashin fasinja ya ke fitowa da jikunansu. Watau iskar tana karɓa ne daga gare mu. Don haka gaban jirgi, inda manya ke zama da yalwar wuri, ya kan fi baya bushewa, tun da mutanen wurin kaɗan ne.

Mai tambaya ya ce, me ya hana masu jirage su zuba wa iskar ruwa? Dalili biyu ne. Ruwa nauyi gare shi, nauyi kuwa mai ya ke ci. Sa'an nan in laima ta yi yawa sai ta taru ta zama raɓa a jikin bangon jirgi mai sanyi, ta ci ƙarfe, ta taɓa wayoyin lantarki. Sababbin jirage irin su Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja cikin 2011, da Airbus A350, wanda ya fara cikin 2015, an gina jikinsu da abin da laima ba ta ci kamar ƙarfe, iskarsu ta ɗan fi sauƙi. Duk da haka ba ta kai ta ɗaki ba.

ABIN DA BUSHEWA KE YI WA FATA

Fata ita ce katangar jiki. Bayanta akwai wani ɗan shimfiɗi wanda a mafi yawan jiki bai kai kaurin takarda ba, masana kuwa su kan kwatanta shi da ginin tubali: ƙwayoyin fata su ne tubalan, wani maiƙo da jiki ke yi shi ne ƙasar da ta haɗa su. Muddin ginin nan na da danshinsa da maiƙonsa, ruwan jiki ba ya fita da yawa, ƙwayoyin cuta kuma ba su samun ƙofa. Busasshiyar iska ta kan janye danshin, fata ta ɗaure, ta yi furu-furu, ta fara ƙaiƙayi. Mai ƙaiƙayi sai ya sosa, susa kuwa ita ke buɗe ƙofar. Leɓe shi ke fara nunawa, domin ba shi da maiƙo nasa na kansa, lasar da a kan yi masa kuwa ƙara masa bushewa ta ke yi. Ido ya kan yi kamar an zuba masa yashi, cikin hanci ya bushe, mai saurin haɓo har ya ga jini.

Za a ce mana, to, duk wannan na awa biyar ne ko shida, me zai yi wa ƙato? Gaskiya ne, ba mu musa ba. Saurayi mai lafiya ya sauka, ya yi wanka, ya shafa mai, kwana ɗaya ya manta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bayyana cewa bushewar iskar jirgi ba ta ƙarar da ruwan cikin jiki, iyakarta fata da ido da hanci da baki. Ba mu zo tsoratarwa ba. Amma sai a duba su wane ne ke cika jiragenmu. Cikin 2023 kujerun da Saudiyya ta ba Nijeriya na aikin Hajji 95,000 ne, kowa kuwa ya taɓa raka maniyyaci filin jirgi ya ga yawan masu furfura a cikinsu. Fatar tsoho ta riga ta rage maiƙo, ta yi laushi, ba ta warkewa da sauri. Da yawa sun taso da kaushi da faso tun daga gida. Waɗansu na da ciwon sukari, sun sani ko ba su sani ba. Tafiyar tasu kuma ba daga ƙofar jirgi ta ke farawa ba: akwai zaman sansani, wani lokaci na kwanaki, da jira cikin ɗakunan na'urar sanyaya iska, wadda ita ma busarwa ta ke yi.

Sa'an nan a duba abin da ke jiransu in sun sauka. Ga ɗawafi kewaye bakwai, yawanci ba takalmi. Ga sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, wanda ya kai wajen kilomita 3. Ga tafiyar ƙasa a Mina zuwa wurin jifa, a ƙasar da zafinta a Makka ya haura digiri 51 lokacin Hajjin 2024. Diddigen da ya shiga jirgi da ɗan faso, ya ƙara bushewa a sama, shi ne zai tsage a kan wannan tafiya. Ga mai ciwon sukari kuwa, wanda jijiyoyin ƙafarsa sun rage ji, jininsa kuma ba ya gudu sosai, 'yar tsaga ta kan zama gyambo bai ankara ba. Mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru, ya sayar da shanu ko gona, ya je ya ƙare kwanakinsa a layin asibiti saboda abin da man naira kaɗan zai hana, wannan asara ce. Abin da muka faɗa game da alhazai ya shafi ɗalibin da aka tura karatu Ingila ko Masar, da ɗan kasuwa mai zuwa Dubai ko Sin, da mara lafiyar da a ke kai wa Indiya, wanda tafiyarsa ta fi ta kowa tsawo, jikinsa kuma ya fi na kowa rauni.

Akwai kuma masu cewa shafa mai aikin mata ne, namiji ba ya ƙwalisa. Wannan magana ba mu san inda aka samo ta ba. Kakanninmu fatake ba su raina tandun mai ba, mahayin da ya san doki kuwa ba ya barin linzami da sirdi su bushe su kakkarye. Wanda ke shafa wa takalminsa na ofis mai kowace safiya, ya bar ƙafar da ke cikin takalmin tana tsagewa, lissafinsa bai fita ba.

SHIRIN DA YA KAMATA

Rigakafi ya fi magani, shirin kuwa daga gida a ke fara shi. Mako biyu kafin tashi mutum ya riƙa jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi da dare, ya goge kaushi a hankali da dutse, ya shafa mai, ya sa safa ya kwanta. Kada a yanke kaushi da reza. Mai ciwon sukari ya nuna wa likita ƙafafunsa tun kafin tafiya, in zai shafa mai kuma ya tsallake tsakanin yatsu, gama danshin wurin shi ke kawo ruɓewa. Ran tafiya a yi wanka da ruwan da bai cika zafi ba, a rage sabulu da dirzar soso, a shafa mai tun jiki bai gama bushewa ba. Dalili shi ne mai ba ya kawo ruwa, rufe wanda ke nan ya ke yi, kamar murfi a bakin tulu. Wanda ya shafa a kan busasshiyar fata ya rufe tulun da ba kome ciki.

Wane mai? Man kaɗe ya isa. Basilin ma ya isa, shi ne ma ya fi kowane mai tare danshi. Wanda fuskarsa ke da maiƙo ko ƙuraje ya sa mara nauyi a fuska, ya bar mai kauri ga leɓe da hannu da gwiwa da diddige. Ran tafiya ba ranar gwada sabon mai ba ce, domin in bai karɓi mutum ba, ba shi da wurin gudu. Mata su rage hoda da kayan kwalliya masu kauri, su bar su sai an kusa sauka.

A nan akwai doka wadda ya wajaba a sani. Tun cikin 2006, bayan da aka tona wata maƙarƙashiya ta tarwatsa jirage a Ingila, mafi yawan filayen jiragen duniya ba su barin fasinja ya shiga da abu mai ruwa ko mai maiƙo cikin jakar hannu sai a mazubin da bai wuce mililita 100 ba, watau kamar rabin ƙaramin kofin shayi. Girman mazubin a ke dubawa, ko da abin da ke ciki ya kusa ƙarewa. Saboda haka babbar roba ta tafi cikin babban akwati, a ɗebi kaɗan a ɗan gwangwani mai murfi a riƙe a hannu. A ɗaure shi cikin leda, domin ƙarfin iskar cikin jirgi ya kan ragu ya zama kamar na kan dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000, kusan ƙwanƙolin Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya. Iskar da ke cikin kwalba sai ta kumbura ta turo man waje. Man kaɗe kuma narkewa ya ke yi in ya ji zafi, ya ɓata tufafi.

In an tashi, a sha ruwa duk sa'ad da aka kawo, a kuma roƙa in an ji ƙishirwa, ba a biyan kome a mafi yawan jiragen doguwar tafiya. Mun san dattawa da yawa, musamman mata, su kan ƙi sha tun daga gida don kunyar tashi zuwa bayan gida, ko don ba su san yadda a ke buɗe ƙofarsa ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne, gama ƙishirwar da aka ɗora wa kai da gangan ita ce ke kawo jiri da ciwon kai. Tashin ma alheri ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cikin 2007 cewa zaman awa huɗu ko fiye wuri ɗaya cikin tafiya ya kan ninka hatsarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Amma kada a zaci shan ruwa kaɗai zai hana fata bushewa. Ruwa na ciki ne, mai na waje, kowanne da aikinsa. Wanda ya yi alwala ko ya wanke hannu ya ɗan tsane, ya shafa mai nan take. Ruwan tsabtace hannu na kwalba, wanda aka saba da shi tun annobar 2020, yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma kwashe maiƙon fata, sai a bi bayansa da mai. A kau da bututun iskar da ke bisa kai daga fuska. Mai sa gilashin da a ke mannawa a ƙwayar ido ya cire shi ya sa tabarau.

MAI HARAMA DA MAI ZAMA BAKIN TAGA

Maniyyaci na da wata tambaya wadda sauran matafiya ba su da ita. Wanda ya ɗaura harama an hana shi turare, mafi yawan man kanti da sabulai kuwa da ƙanshi a cikinsu. Ko man da ba shi da ƙanshi ma, malaman Malikiyya sun tsananta a kansa, sun bambanta wanda ya shafa don larura, kamar tsagewar tafin hannu ko ƙafa, da wanda ya shafa don jin daɗi. Wannan fage na malamai ne, kowane maniyyaci ya tambaye su tun a wurin bita, ya riƙe amsar. Abin da mu ke ƙarawa shi ne, wannan hukunci kansa hujja ce ga maganarmu: tun da akwai kwanakin da hannun mutum zai ɗaure, sai ya gyara fatarsa sarai kafin su zo. Wanda jirginsa ya nufi Madina kuwa bai shiga harama ba tukuna, yana da sarari cikin jirgi da kwanakin ziyara duka.

Sai maganar rana. Can sama hasken rana ya fi na ƙasa ƙarfi, tagar jirgi kuma ba ta tare dukan ɓoyayyen haskenta mai ƙona fata. Wani bincike da likitocin Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko suka buga cikin 2015 ya nuna matuƙan jirgi da ma'aikatan cikinsa sun ninka sauran jama'a wajen kamuwa da wata muguwar dajin fata. Waɗannan mutane ne da ke wuni a sama shekara da shekaru, baƙar fata kuwa na da kariyar da fara ba ta da ita, saboda haka mai tafiya sau ɗaya a shekara kada ya damu. Mutum biyu muka keɓe. Na ɗaya zabiya, wanda ba shi da wannan kariya ko kaɗan. Na biyu mai shafa man sauya launi, irin wanda hukumar NAFDAC ta yi ta jan kunne a kansa, domin magungunan da ke cikinsa su kan sirantar da fata, su bar ta ba garkuwa gaban rana da bushewa. Waɗannan su ja labulen taga, su shafa man kariyar rana, su riƙe lema in sun sauka. Mai man sauya launi kuma ya ga likita a kan yadda zai rabu da shi.

ABIN DA KE HANNUNMU

Yanzu kantunan filayen jirgi cike su ke da 'yan kwalabe masu tsada, da ruwan fesawa a fuska, da kyallayen mannawa, duk da sunan kayan matafiyi. Ba mu hana mai hali saye ba. Amma ruwan da aka fesa a fuska cikin busasshiyar iska, in ba a rufe shi da mai ba, tashi ya ke yi ya bar fata yadda ya same ta ko fiye. In kuwa mutum ya juya kwalaben nan ya karanta abin da aka haɗa su da shi, sau da yawa zai tarar da man kaɗe a ciki. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan 'ya'yan kaɗanya, matan karkara na jihohin Neja da Kwara da Kebbi su ke tsinta. Cikin Agusta 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyensu na wata shida, don a riƙa sarrafa su a gida. Abin kunya ne a fita da kayanmu a buhu, a komo mana da shi a kwalba, mu saya da ninkin kuɗi, alhali na asalin na nan a kasuwar ƙauye. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Saboda haka muna da roƙo uku. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 2006, da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi, su sa wannan darasi cikin bita, ma'aikacin lafiya ya tsaya ya nuna shi da hannu, har da yadda a ke shiga bayan gidan jirgi. Tun da a kan raba wa maniyyata jaka da yadi, ɗan gwangwanin man kaɗe mara ƙanshi wanda bai wuce ma'aunin doka ba ba zai karya kowa ba, zai kuma buɗe wa mata masu yinsa kasuwa. Malaman makaranta, in sun zo darasin kiwon lafiya ko na iska da laima, su kawo misalin jirgi da hunturu, gama yaro shi ke kai labari gida, kakarsa kuwa ta fi jin maganarsa da ta rediyo. Akawuna da ma'aikatan ƙananan hukumomi, waɗanda ta hannunsu takardun maniyyata ke bi, su ƙara wa kowane dattijo kalma biyu bayan sa hannu: Baba, a gyara ƙafa tun yanzu, a sha ruwa cikin jirgi.

Ku masu karatu ku ne idon waɗanda ba su yi ba. Wanda wannan takarda ta shiga hannunsa, in yana da mai shirin tafiya a gida ko a unguwa, ya karanta masa ita, ya duba jakarsa kafin a rufe. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya komo mana da su lafiya.